Tsohuwar Kwamfuta: Dukiya Ce Ko Kayan Gwangwan?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga garin Kiyako cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, ya aiko yana son a bayyana masa ko gaskiya ne Turawa na sayen tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, da maƙudan kuɗi, in kuwa gaskiya ne, to me suke cirewa a cikinta. Ya ce akwai wata da ƙanensa ya bari a shago shekara da shekaru, 'yan gwangwan sun taya, ya hana.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Gaskiya ne ana saye, amma ba kowace ba, kuma babu abin da ake cirewa a ciki. Hasali ma wanda ya kwance ta ya ciri wani abu, ya kashe kasuwarta da hannunsa. Masu sayen nan mutane ne masu sha'awar tara tsofaffin na'urori su gyara su, su kunna su ga suna aiki, kamar dai yadda za ka ga wani a garinku ya duƙufa kan kiwon tantabara, ko wani dattijo yana ɓoye da anini da sisi da kwabo mai huji, alhali ko goro ba za su saya masa ba a yau. Bari mu ɗauko maka zancen daga tushe.

Kwamfutocin farko ba kayan gida ba ne. Wadda ake kira ENIAC, da aka nuna wa duniya cikin watan Fabrairu na 1946 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, nauyinta ya kusa tan 30, watau lodin tirela guda ke nan, kuma tana ɗauke da kwalaben lantarki irin na tsohuwar akwatin rediyo kusan 18,000. Da aka kashe ta a 1955 sai aka rarraba sassanta. A Ingila kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin Hitila ke nan, an ƙera wasu na'urori guda 10 masu suna Colossus don warware saƙonnin asiri na sojan Jamus. Yaƙi na ƙarewa gwamnati ta sa aka wargaje yawancinsu, aka ƙona zanen yadda aka haɗa su, saboda sirri. Ka ga a wancan zamani ba wanda ya ɗauki tsohuwar kwamfuta abin ajiyewa. In sabuwa ta zo, tsohuwa ta zama ƙarfe.

Abin ya juya ne a 1975. Cikin watan Janairu na shekarar wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fito da Altair 8800, wadda ake aiko wa mutum a warwatse cikin kwali ya haɗa da kansa, a kan kuɗi ƙasa da dala 500. Ba ta da gilashin kallo, ba ta da madannan rubutu, sai 'yan makunnai da fitilu masu ƙyaftawa. Duk da haka samari suka yi mata caa. Cikin watan Maris wasu daga cikinsu suka fara taruwa a garejin mota na wani gida a Menlo Park, Jihar Kalifoniya, kowa na nuna abin da ya harhaɗa, suka sa wa ƙungiyarsu suna Homebrew Computer Club, ma'ana masu haɗin gida. A cikin masu zuwa wannan majalisa akwai Steve Wozniak, wanda shi da abokinsa Steve Jobs suka fitar da Apple-1 a 1976. Kimanin guda 200 kawai aka yi, da hannu aka harhaɗa su, ana sayar da kowace dala 666 da 'yan kai, kuma allo ne tsirara, mai saye shi zai nemo mata akwati da madannai. Saboda haka kwamfutar da ke kan teburin ofis a yau, da ma wayar da ke aljihunka, masu sha'awa suna da babban hannu wajen kawo su, ba manyan kamfanoni kaɗai ba.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa, ku ma'abota rediyo. A farkon shekarun 1980 ƙananan kwamfutocin gida irin su BBC Micro ta 1981 da ZX Spectrum da Commodore 64 na 1982, a kan kaset suke ajiye karatunsu, kaset ɗin nan dai da kuka sani na waƙa da wa'azi. To sai gidan rediyon ƙasar Holan ya riƙa watsa manhajar kwamfuta ta iska, BBC ma ta bi sahu a 1984 cikin wani shiri mai suna The Chip Shop. Mai sauraro zai ji wata ƙara kamar ta gyare, ya danna rikoda ya ɗauka, ya jona wa kwamfutarsa, shi ke nan ta karanta. Yaran da suka tashi da waɗannan na'urori su ne da suka girma suka yi kuɗi, suka koma neman abin da suka yi wasa da shi suna ƙanana.

Daga nan aka shiga ceto. A 1989 aka kafa wata ƙungiyar adana tsofaffin kwamfutoci a Ingila. Wani injiniya mai suna Tony Sale ya ja 'yan sa-kai tun farkon shekarun 1990 suka sake gina Colossus daga 'yan hotuna da guntayen zane da suka tsira, ba ta kammala ba sai 2007. Tana nan a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park. A wannan gida ne kuma aka farfaɗo da wata mai laƙabi WITCH, wadda ta fara aiki a 1951, ta koyar da ɗalibai a wata kwaleji har 1973, sannan ta yi shekaru a kwance a ɗakin ajiya. An fara gyaranta a 2009, aka kunna ta cikin Nuwamba 2012. Lissafin sau guda ɗaya yakan ɗauke ta daƙiƙa biyar zuwa goma, abin da yaron shago zai yi da ka kafin ta gama, amma mutane na biyan kuɗi su je su ga fitilunta na juyawa. A Amurka ma tun 1997 wani mai suna Sellam Ismail ya fara shirya bikin tsofaffin kwamfutoci a Kalifoniya, inda kowa ke zuwa da tasa ya kunna, kamar ranar hawan sallah da kowa ke fito da dokinsa. Su waɗannan mutane ba su ƙi sabo ba. Da yawansu na sayen wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, girmanta bai wuce katin banki ba, su sa ta kwaikwayi tsohuwa, ko su maye gurbin wani sashe da ya mutu wanda ba a ƙera irinsa kuma.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda mun san shi ne ya sa ka ɗauki alƙalami. Cikin Oktoba 2014 an yi gwanjon wata Apple-1 mai aiki a birnin New York, gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta dala 905,000. A 2015 kuma wata mata da mijinta ya rasu ta kwashe tarkacen gareji ta kai wa wani kamfanin 'yan gwangwan a garin Milpitas na Kalifoniya, ko suna ba ta bari ba. Ashe akwai Apple-1 a ciki. Kamfanin ya sayar dala 200,000, ya shiga cigiyarta don ya ba ta rabi. Irin waɗannan labarai su ne ke isowa kasuwanninmu bayan an ƙara musu gishiri.

Amma lura da kyau, Malam. Abin da ya ba Apple-1 daraja shi ne 200 aka yi, 'yan gomomi ne aka san sun rage, ita ce ta fari a babban kamfani, kuma masu saye sai sun bi asalinta sun ga takardu, kamar mai sayen gona da ke neman shaidu. Commodore 64 kuwa, da yake an sayar da fiye da miliyan 12, ga tsufa ga suna, amma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. To ina ga kwamfutocin ofis na shekarun 2000, irin su Dell da HP da Compaq, da aka yi su kamar ƙasa? Mafi yawan tsofaffin da ke hannunmu irin waɗannan ne. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na kwamfutoci na hannu ke sauka a Legas kowane wata, kuma wani lokaci har kashi 75 cikin 100 matattu ne. Daga kasuwar Alaba da ta Computer Village a Ikeja suke hayowa Kano, su bazu a titin Beirut da Farm Centre, har su iso ƙauyuka. Da suna da wata dukiya a ciki, da masu su ba su loda mana su a jirgi ba.

Kada kuma a ruɗe ka da zancen jan sinadarin nan da ake cewa yana cikin tsofaffin kaya. A 2009 wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya kan keken ɗinki Singer, mutane suka yi ta saye da dubban riyal, har aka riƙa fasa shagunan teloli, daga baya hukuma ta ce damfara ce. Mun ji irinta a nan kan dutsen guga da tsohuwar rediyo. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin gwaji ko na kai kaya wurin wani Bature, riƙe aljihunka.

Sai dai akwai wata daraja da ba ta kuɗi ba, kuma a nan muke ganin mu ne da sakaci. Nijeriya na da nata tarihin. Tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Jami'ar Ibadan. A 2001 aka ƙaddamar da Zinox, haɗin gida, mai alamar Naira a kan madannanta. A 2007 aka gwada 'yan korayen kwamfutocin nan na yara a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. Ita kanta Jigawa, zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta yi suna wajen rungumar wannan fanni, har aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Na'urorin farko na irin waɗannan wurare, da waɗanda aka buga littattafan Hausa na kasuwar Kano da su a shekarun 1990, su ne namu Colossus ɗin, kuma ba Bature ne zai zo ya ajiye mana ba. Ku mutanen ƙasar Birnin Kudu kun fi kowa sanin wannan, tunda zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba zinari a ciki, amma ga shi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa na tsaronsa, baƙi na zuwa gani.

To taka fa? Kafin komai, duba bayanta ka kwafi suna da lambar samfuri, ka ba wani yaro mai waya ya bincika a intanet, minti biyar ya isa ka san shekarunta da abin da ake sayar da irinta. In ta girmi 1990, ko tana da wani tarihi na wurin da ta yi aiki, ajiye ta da duk wayoyinta da faya-fayanta da takardunta, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da damina, a rufe ta saboda ƙurar hunturu da ɓera. Kada ka jona ta da janareto kai tsaye don ka ga ko tana tashi, domin na'urar da ta daɗe a kwance takan ƙone a kunnawar farko, musamman in an yi ta don wutar Amurka mai ƙarfin 110, tamu kuwa ta ninka haka. Mai gyara ya fara buɗewa ya cire ɗan batirin da ke kan allo, shi ne ke tsiyaya ya cinye wayoyin ciki.

In kuwa ta bayan 2005 ce kuma tana tashi, amfaninta ya fi kuɗinta. A sa mata manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, yara su koyi buga rubutu, kai kuma ka riƙa shigar da lissafin buhunan riɗi da na bashi. 'Yan kasuwa kuma su sani, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, don haka a tambaya kafin a biya, kada arha ta ja mutum.

In ta mutu murus, sayar wa 'yan gwangwan ɗungurungum, amma kada a fasa a gida, kada a ƙona wayoyi don neman jan ƙarfe. Zinarin da ake faɗa ɗan shafe ne a bakin ƙafafun wasu sassa, sai an tara lodi mai yawa kafin ya zama abin aunawa. Gilashin kallo mai ƙoƙon baya, irin na tsohuwar talabijin, yana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare shi daga soket, kuma akwai dalma mai yawa a jikinsa. Gubar dalma ita ce ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake daka duwatsun zinari a tsakar gida, a inda ake shanya hatsi, yara na rarrafe.