Mai Ba Da Magani A Asibiti, Jiya Da Gobe

Yau za mu yi magana a kan mutumin nan da ka ke tararwa a bayan taga, bayan likita ya duba ka ya rubuta maka takarda. Ko a Gantsa ka je asibiti, ko ka wuce Birnin Kudu, ko Dutse, ba za ka koma gida ba sai ka biya ta wurinsa. Mutane da yawa suna ɗauka aikinsa miƙo ƙwayoyi ne kurum. Ba haka ba ne, kuma in ka ji yadda aikin ya faro za ka gane dalili.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ƙasar Buji tana cikin gundumar Birnin Kudu ne, a ƙarƙashin Kano. A zamanin En'e likitoci ba su da yawa, kuma a manyan garuruwa su ke zaune. Saboda haka En'e ta riƙa gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, ta sa malami guda a kowane ɗaki. Shi ne mai duba ciwo, shi ne mai wanke gyambo, shi ne kuma mai ba da magani. A 1930 aka buɗe makaranta a Zariya don koya wa 'yan Arewa haɗa magani. Wanda ya fito daga can shi a ke kira disfensa, kuma har yau akwai tsofaffin da ke kiran duk wani ma'aikacin ɗakin magani da wannan suna.

Disfensa da hannunsa ya ke aiki. Yana da ma'auni, da ɗan turmi na tangaram, da kofin awo mai zane-zane. Ya auna gari, ya jiƙa da ruwa, ya zuba a manyan kwalabe: wannan na tari, wannan na ciwon ciki, wancan kwinin ne na zazzaɓi, mai ɗacin da ba a mantawa. Mara lafiya ya kan zo da 'yar kwalbarsa a zuba masa, ko kuwa ya buɗe baki a ba shi nan take. To, abin lura a nan shi ne, disfensa ya san abin da ke cikin kwalba, domin shi ya haɗa.

Sa'an nan sai ƙwayoyi suka fara zuwa a haɗe daga masana'anta. Akwai M&B 693 da aka fitar a Ingila a 1938, wadda ta ceci mutane da yawa daga sanƙarau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar fenisilin ta yaɗu, ga kuma ƙwayar dafson da aka riƙa raba wa kutare a ƙauyukan Arewa cikin shekarun 1950. Sannu a hankali turmi da ma'auni suka koma saman kanta. Magani ya ƙara ƙarfi, amma mai ba da shi ya daina sanin cikinsa da idonsa. Daga nan sabuwar wahala ta ɓullo.

A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a ƙasar nan, mafi yawansu a wajen Jos da Ibadan, don sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Iyayensu ba su yi ganganci ba, magani suka nema. A 1993 Gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC don ta tsare ingancin abinci da magani. Duk da haka a 2008 irin wannan guba ta sake shiga wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. Ka ga ke nan hukuma tana Abuja da manyan birane, amma kwalbar a hannunka za ta ƙare. Dole a sami wani kusa da kai wanda ya san inda ta fito.

Wannan shi ne aikin magajin disfensa, watau ma'aikacin da a ke kira mataimakin masanin magunguna. Masanin magunguna ya kan yi shekara biyar ko shida a jami'a, kuma irinsu ba su isa a kai kowace mazaɓa ba. Mataimakinsa kuwa, bayan ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, sai ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, irin wadda mu ke da ita a Jahun, ya yi shekara biyu zuwa uku. Ba ya kama aiki sai hukumar kula da aikin magunguna ta ƙasa ta yi masa rajista. Dokar da ta sabunta wannan hukuma a 2022 ta haɗa har da masu kemis a ƙarƙashinta. Amma kada ka haɗa su biyun. Mai kemis an yarje masa sayar da waɗansu magunguna ne kaɗan, a cikin kwalinsu, ba a ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, ko da ya sa farar riga.

Me ya ke yi a bayan tagar? Da fari yana ajiya. Magunguna da yawa ba su son zafin da ya wuce awo 30, alhali a ƙasarmu cikin watan Afrilu zafi ya kan haura 40. Allurar da a ke yi wa mai haihuwa don tsai da zubar jini, in ba ta zauna a firiji ba, ƙarfinta ya kan ragu, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka buƙace ta. Shi ke duba ranar da kowane magani zai lalace, ya fitar da na gaba-gaba tukuna. Shi ke riƙe da littafin kuɗin magani, domin tun shirin Bamako na 1987 asibitoci da yawa da kuɗin da aka sayar su ke sayo wani. In lissafi ya rikice, kanta ta zama wayam.

Sa'an nan yana awo, kamar kakansa disfensa. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro. A 2005 Nijeriya ta bar kulorakwin, don ƙwayar cutar ta daina jinsa, ta koma ga magani mai haɗi biyu. Wannan a kan nauyin jiki a ke ba da shi. Yaron da bai kai kilo 15 ba ƙwaya ɗaya ya ke sha ta ƙaramin awo, babba kuwa huɗu, safe da yamma, har kwana uku, bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha nono. Sau da yawa uwa ta kan ba yaro na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, sai ta ɓoye sauran don ƙanensa. Ba mugunta ba ce, tattali ne, amma zazzaɓin zai dawo. Ma'aikacin kirki ba ya sakin takardar magani sai ya ji uwar ta maimaita masa yadda za ta bayar. Kai ma in ya yi maka bayani da sauri ba ka gane ba, tsaya ka sake tambaya. Haƙƙinka ne.

Gaba kuwa aikin ƙaruwa zai yi. Kowace damina a kan bi gida-gida a ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓi, kuma sai an sami mai ƙirga shi da adana shi. Masu hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa, su kuwa kowane wata sai sun karɓi magani. Lissafin da a ke yi a littafi yana komawa kwamfuta da wayar hannu. Tun 2010 ma akwai kwalayen da za ka kankare, ka aika lambar ta waya, a gaya maka ko na gaske ne.

Matsalar ita ce wanda aka turo daga nesa ba ya daɗewa a ƙauye, da ya sami hanya sai ya nemi canji zuwa Dutse. Ɗan gari shi ke zama. Saboda haka in kana da yaro a sakandare mai kai wajen lissafi da kimiyya, ka tuna masa da wannan aiki. 'Ya'ya mata ma haka, domin akwai abin da mace ba za ta tambayi namiji a bakin taga ba, ko da ciwon zai kwantar da ita.