Haƙorin Makka: hular da ta girmi jirgin alhazai

 Yau hirar haƙori za mu yi.

Ina yaro a Dogon Daji, ba sai an gaya maka wance ta sauke farali ba, murmushi ɗaya ya isa. Da kakata ta dawo, kwana uku gidanmu cike da 'yan barka, kuma wallahi rabinsu haƙorin suka zo gani, ba dabino da zamzam ba.

To, abin nan da muke kira haƙorin Makka, a wurin likitoci hula ce ake kifa wa haƙori, kuma gyara irin wannan ya daɗe a duniya. Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Etruska a ƙasar Italiya suna ɗaure haƙorin aro da zinare, su maƙala shi jikin na gefe don toshe wawulo. Shi ne kakan abin da yau ake kira gada. A Musulunci ma akwai labarin sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da sa na zinare. Da shi malamai ke kafa hujjar gyaran haƙori da zinare in akwai lalura. Sai a 1889 wani likitan Amurka, Charles Land, ya yi rajistar hular tangaran mai kalar haƙori.

Ku lura, duk waɗannan ɓarna suke gyarawa. Mu kuwa lafiyayyen haƙori muke kaiwa, kuma sau da yawa mai sawar ba likita ba ne. In hular ba ta zauna daram ba, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashi inda aswaki ba ya kaiwa.

Haka ta faru da kakata. Bayan shekaru sai wari, sai zogi mai hana barci. Muka kai ta Sakkwato, aka ɗaga hular, ashe haƙorin ya ruɓe, dole aka cire shi. Likita ya ce za a iya yi mata gada, amma sai an goge na gefe biyu. Ta ce, "Ɗan nan, guda aka taɓa na ga yadda ta kaya, bar mini sauran."

Hular kuwa ta karɓe abarta, ta ƙulle a bakin zane.