Wuƙaƙen Ado na Sojan Jamus, 1933 zuwa 1945

Wuƙaƙen da ake nufi a nan su ne waɗanda hafsoshin Jamus da dakarun jam'iyyar Nazi suke ratayawa a kwiɓi a zamanin Hitler domin ado da nuna muƙami, kuma galibinsu an ƙera su ne a Solingen, birnin da maƙeransa suka shahara da takubba tun ƙarnoni da suka shuɗe. A 1933 aka fito da ta dakarun SA da ta SS, rundunonin jam'iyyar, bisa siffar wata wuƙar Suwizalan ta ƙarni na 16. Ta hafsoshin ƙasa ta biyo baya a 1935, samfuri na biyu na mayaƙan sama a 1937, na mayaƙan ruwa kuwa a 1938. Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta, ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka dakatar da ƙirarsu.

Bayan 1945 sojojin Amurka suka kwashe su da yawa a matsayin ganima, farashinsu ya hau, daga nan kuma algus ya shigo, domin ragowar ƙotoci da kubbai da suka saura a ma'ajiyar masana'antu an harhaɗa su an sayar da sunan na asali, kafin daga bisani a soma ƙera jabu tsagwaronsu a wasu ƙasashe.

Hanyar tahakiki a wannan fanni ta yi kama da ta malaman hadisi, waɗanda ba sa wadatuwa da isnadi sai sun duba matani. Haka mai bincike ba zai dogara ga riwayar mai sayarwa ba, kome daɗinta, sai ya nemi shaida a jikin wuƙar. Zai karkata ruwanta ga haske ya nemi siraran layukan da dutsen gogewa ya bari a gicciye, waɗanda sabuwar guga take shafewa. Zai duba ko ƙota ta zauna daram ba tare da giɓi ba. Zai lura da ma'adinin, domin na farko da gamin nikel aka yi musu kwalliya, na baya kuwa da tutiya mai rufi wadda take kumbura in ta tsufa. Hatimin RZM, wato ofishin kayan jam'iyya da ke Munich, na wuƙaƙen jam'iyya ne kaɗai, saboda haka ganinsa a wuƙar hafsan ƙasa hujja ce cewa jabu ce. Ana yawan yin ha'inci a kan rubutun sadaukarwar Ernst Röhm, shugaban SA, da ke jikin wasu wuƙaƙen, wanda aka umarta a kankare bayan kashe shi a 1934, ga shi kuwa 'yan jabu suna sake zana shi saboda tsadarsa.

Tambarin maƙera ma dalili ne, tun da siffarsa tana sauyawa da shekaru: na kamfanin Eickhorn kurege ne, na WKC kwalkwalin jarumi, na Alcoso mizani. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin kamfanin na iyalin Coppel ne, Yahudawan Solingen, waɗanda aka raba su da shi a zamanin Nazi alhali yana ƙera wa sojan gwamnatin wuƙaƙe, aka kuma kai Alexander Coppel sansanin Theresienstadt, inda ya rasu a 1942. Dokar Jamus a yau ta haramta baje alamun Nazi da ke jikin waɗannan wuƙaƙe a bainar jama'a, sai fa domin ilmi, ko fasaha, ko binciken tarihi.