Asalin Kalmar "Yarima"

Mai sauraron labaran rediyo a Daura ya daɗe yana jin "Yarima Charles", har zuwa 2022 da Charles ɗin ya gaji sarautar Ingila. Kalmar "yarima" kuwa aro ce daga Kanuri. A daular Kanem da Barno, yerima shi ne mai riƙon yankin Yeri, na arewa, kuma "-ma" ɗin nan ita ce ke ƙarshen Galadima da Ciroma.

A fadar Daura, garin da tarihin Bayajida ya haɗa da Barno, Yarima sarauta ce ta naɗi da rawani. A bakin jama'a kuwa ta faɗaɗa: duk ɗan sarki yarima ne, har uwa kan yi wa ɗanta laƙabi da ita don ƙauna.