Sakiya a Cikin Ido: Yadda Aka Koyi Gyaran Retina

Idan aka ɗiga maka magani a asibitin ido, aka ce ka koma benci ka jira rabin awa, sannan likita ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe ɗan gilashi a gaban fuskarka yana cewa "kalli sama, kalli dama", to can ƙuryar ido yake leƙawa. A bangon bayan ƙwayar ido akwai wani tantani shimfiɗe, wanda a yawancin wurare kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Shi ake kira retina. Duk abin da ka taɓa gani a kansa ya sauka kafin jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Larabawa suna ce masa shabakiyya, wato mai kama da raga, sunan Turawan ma daga kalmar raga ya fito a Latin.

An daɗe ba a san aikinsa ba. Ibn al-Haisam, mutumin Basara da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje. Sai a 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa a kan retina hoton yake sauka, kuma a kife. Amma idon mai rai ya ci gaba da zama duhu. Duk wanda ya taɓa leƙa tulu ya san dalili: da ka kai fuska bakin tulun, kanka ya tare hasken da za ka gani da shi.

Wani malamin jami'a a Jamus, Hermann von Helmholtz, ya warware wannan a ƙarshen 1850, ya wallafa a 1851. Ya jera 'yan fale-falen gilashi a karkace, suna karkato hasken kyandir ya shiga ido ta hanyar da mai dubawa yake kallo. Cikin shekaru goma likitoci suka ga abubuwan da ba a taɓa gani ba. Eduard Jaeger a Biyana ya zana ɓarnar da ciwon suga ke yi wa retina. Albrecht von Graefe a Balin ya ga toshewar babbar jijiyar jinin retina a 1859. Kafin nan, duk wanda idonsa yake garau amma ba ya gani, suna ɗaya ake yi wa ciwonsa a sallame shi.

Sai dai gani daban, magani daban. Kusan shekara tamanin likita yana kallon retina ta ɓanɓaro daga bango ba shi da ta yi. A kwantar da mutum makonni, a naɗe masa ido, a yi masa allurar ruwan gishiri. Wani bincike da aka yi tsakanin likitocin ido na Amurka a 1912 ya ƙiyasta cewa ɗaya cikin dubu ne ke warkewa.

Wanda ya sauya wannan shi ne Jules Gonin na birnin Lozan a Suwizalan, kuma a ganina babu wanda ya kai shi a wannan tarihi, don bai ƙirƙiro wata na'ura ba, tunani kawai ya gyara. Likitoci sun sha ganin 'yar yaga a jikin retinar da ta ɓanɓaro, amma sun ɗauka ɓanɓarowar ce ta jawo ta. Gonin ya ce an juya maganar. Ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido shi ne ke jan tantanin har ya yage, ruwa ya bi ta yagar ya shiga baya, kamar yadda ruwan damina ke samun tsaga ya shiga bayan yaɓe har ya kwaɓo shi daga jikin katanga. Saboda haka a nemo ramin a toshe. Yakan daɗe yana leƙe har ya gano daidai inda yagar take, ya auna wurin ta waje, sannan ya soka ƙarfe mai zafi ta farin ido, ruwan ya fita, tabon ƙunar ya liƙe ramin. Bahaushe da ya ga wannan ba zai yi wata-wata ba, sakiya zai kira shi. Abokan aikinsa sun yi shekaru suna taɓe baki, sai a babban taron likitocin ido na duniya a Amstadam a 1929 aka sallama masa, don wajen rabin marasa lafiyarsa retinar ta koma. Ya rasu a 1935, asibitin ido na Lozan yana ɗauke da sunansa har yau.

Fitilar goshin nan kuwa aikin Charles Schepens ce, ɗan Beljiyam, wanda ya haɗa ta a Landan wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya koma Bostan. A 1949 Ernst Custodis ya fara ɗinka ɗan toshi a bayan farin ido don bango ya matso ya tarar da retina. Yau kusan tara cikin goma ana mayar da ita wurinta.

Mataki na gaba husufin rana ne ya kawo shi. A watan Yulin 1945 rana ta yi husufi a Turai, wasu suka zuba mata ido, ta ƙone musu tsakiyar retina. Wani matashin likita a Hambug, Gerhard Meyer-Schwickerath, ya lura cewa tabon da rana ta bari ya yi kama da wanda likita ke yi da gangan. Me zai hana a yi sakiyar da haske, ba tare da an huda ido ba? Ya kafa madubi a kan rufin asibiti yana tattara hasken rana, a 1949 ya yi aiki da shi ya yi nasara. Cikas ɗin ɗaya ne: Hambug gari ne na hadari da hazo, sai a shirya mara lafiya gajimare ya rufe rana. Da a Agadas yake, wataƙila da bai yi gaggawar neman mafita ba. Shi da kamfanin Zeiss suka fito da fitilar zinon a 1956, daga baya na'urar leza, wadda aka ƙirƙiro a 1960, ta karɓi aikin.

Masu ciwon suga ne suka fi cin moriyar wannan. Tun da aka samu insulin a farkon shekarun 1920 suka daina mutuwa da wuri, sai ga shi da yawa suna makancewa bayan shekaru, saboda wasu raunanan jijiyoyi da ke tsirowa a retina su fashe su cika ido da jini. Abin ya kai a shekarun 1950 da 1960 ana lalata wata ƙullutuwa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa don a ceto gani. Leza ta zo da dabarar manomi mai ƙona gefen gona kada gobarar daji ta ci rumbu: a yi ɗigon ƙuna sama da dubu a gefen retina, tsakiya ta tsira. Babban gwajin da aka yi a Amurka ya nuna a 1976 cewa hakan na rage mummunar asarar gani da fiye da rabi.

Sauran kayan aiki sun biyo baya. Ɗaliban likitanci biyu a Indiyana, Harold Novotny da David Alvis, suka wallafa a 1961 yadda ake sa rini a jijiyar hannu a ɗauki hotonsa yana zagaya retina. Robert Machemer a Miyami ya koyi tsotse ruwan kaurin ido da ƙwan kaza, ta ɗan rami a ɓawo, kafin ya yi wa mutum a 1970. A 1991 masana a MIT suka fito da na'urar OCT, mai nuna retina hawa-hawa kamar an yanka ta, alhali ba a taɓa idon ba.

Allurar da ake yi cikin ƙwayar ido, wadda jin sunanta kawai ke sa dattijo ya ja da baya, ta samo asali ne daga binciken cutar kansa. Retinar da jini bai ishe ta ba tana fitar da wani sinadari mai kiran sababbin jijiyoyi. Napoleone Ferrara ya ware shi a 1989, aka yi masa maganin toshewa mai suna Avastin don kansar hanji. A 2005 Philip Rosenfeld a Miyami ya gwada ɗan ɗigonsa a ido, ya yi aiki. Shekara guda bayan nan kamfanin da ya yi Avastin ya fito da Lucentis na ido takanas, a lokacin allura ɗaya wajen dala 2,000, alhali ɗigon Avastin bai wuce dala 50 ba. Gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya nuna a 2011 cewa kusan duk ɗaya ne. Ba don wannan ba, da allurar ta fi ƙarfin mafi yawanmu, tunda maimaita ta ake yi.

A wajenmu, bayan suga da hawan jini, akwai sikila, musamman nau'in SC da ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso. Masu shi ba su cika kwanciya kamar masu SS ba, amma retinarsu ta fi taɓuwa. Retina kuwa ba ta zafi. Mutum zai ce yana ganin ƙudaje suna yawo, ko walƙiya a gefen ido, ya sa kwalli, ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya ce yanar ido ce, bari ta nuna. Ran da ya iso asibiti ya ce wani abu kamar labule ya sauko masa daga gefe, likita yakan ajiye biro ya tambaya: "Baba, yau kwana nawa da saukowar labulen?"