Huhun Bakwaini da Likitar da Ta Samu Shekaru Biyu

A asibitin koyarwa, abu uku ake jira daga likitan jarirai sabbin haihuwa: ya duba marasa lafiya, ya koyar da ɗalibai, ya kuma yi bincike. Mun san taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Amma tarihin wannan fanni ya nuna cewa babban ci gabansa ya fito ne daga hannun waɗanda suka riƙe ukun. Tambayar ita ce yadda suka yi. Rayuwar Mary Ellen Avery, likita 'yar Amurka, tana da amsa.

An haife ta a 1927, ta gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1952. Ba ta daɗe da gamawa ba tarin fuka ya kwantar da ita, kuma wannan jinya ta ja hankalinta ga yadda huhu yake aiki. Da ta koma horon likitancin yara, sai ta yi ta ganin bakwaini ana haifarsu da rai, numfashi ya yi musu wuya, su rasu cikin kwana biyu ko uku. Babu wanda ya san dalili.

A 1957 ta tafi Harvard aikin bincike na shekaru biyu tare da masanin numfashi Jere Mead. Lokacin nata ne: tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, tana kuma leƙa jarirai a asibitin haihuwa da ke kusa. Ta ji labarin John Clements, wanda yake nazarin wani sinadari mai santsi da ke shafe cikin huhu, ta je ta ga yadda yake auna shi. Wannan sinadari, safaktan, shi yake hana ƙananan jakunkunan iska na huhu mannewa idan an fitar da numfashi, kuma yana yin kumfa kamar sabulu. Avery ta lura cewa huhun bakwainin da cutar ta kashe ba ya kumfa. A 1959 ita da Mead suka wallafa sakamakon: rashin safaktan ne yake kashe su.

Mu dubi abin da ya haɗu a nan. Clements yana da ma'auni, amma ba jarirai yake dubawa ba. Likitocin ɗakin jarirai suna ganin mutuwar kullum, amma ba su da lokacin aune-aune. Avery ta san ɗakin jarirai, aka kuma ba ta shekaru biyu da za ta bi tambaya ɗaya.

Sanin dalili bai zama magani nan take ba. A watan Agustan 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, Patrick, wanda aka haifa bakwaini, ya rasu da wannan cuta bayan kwana biyu. Sai a 1980 Tetsuro Fujiwara na Jafan ya ba da rahoton jarirai 10 da ya zuba wa safaktan da aka haɗa daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani a 1990, shekaru 31 bayan takardar Avery.

A tsawon wannan jira, nauyin aikinta ya yi ta sauyawa. Ta koma Johns Hopkins ta riƙe ɗakunan jarirai. A 1964 ta fitar da littafi a kan huhun jariri da cututtukansa, wanda ya zama abin karatu ga masu koyon fannin. A 1969 ta shugabanci sashen yara na Jami'ar McGill a Kanada, a 1974 kuma ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar likitar Asibitin Yara na Boston. A waɗannan shekaru horar da na baya da shugabanci ne suka fi cin lokacinta. Ta yi ayyukan uku, amma kowanne da zamanin da ya fi rinjaye.

Tun a 1979 James Wyngaarden ya yi gargaɗi a wata mujallar likitoci cewa likita mai bincike yana neman ƙarewa. Dalilin bai ɓuya ba. Jariri mai fama da numfashi ba ya jira, ɗalibai suna da jadawali, bincike ne kaɗai ake iya ɗagewa zuwa gobe, don haka shi ake fara yankewa. Inda likitoci suka yi ƙaranci, kamar a asibitocin koyarwarmu, yankan ya fi zurfi.

Sau da yawa mukan ɗora wa likita laifin rashin tsara lokacinsa. Tarihin Avery ya mai da tambayar ga jami'a da asibiti: wa zai riƙe ɗakin jarirai har wani ya samu shekarunsa biyu? Avery ta rasu a 2011, kuma har yau safaktan yana cikin manyan magungunan da ake ceto bakwaini da su.