Korona a Kumasi: rufe masallatai da muhawarar rigakafi

A ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya hana taruwar jama'a a Ghana, har da sallar Juma'a. Daga 30 ga watan aka kulle Kumasi tsawon mako uku. Sai 5 ga Yuni aka buɗe masallatai, bisa sharaɗin kada masallata su wuce 100.

Da allurar rigakafi ta iso a Fabrairu 2021, an yi ta raɗe-raɗin tana hana haihuwa, irin zargin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya karɓi tasa yana da shekara fiye da 100. A Hajjin 2022 kuwa, Saudiyya ta wajabta wa maniyyata nuna shaidar rigakafi.